Shekarar da Na Shafa Jini a Ƙofar Zaure

Ranar Lahadin Dabino ta watan Afrilun 1974 mun taso daga majami'a wajen azahar, ni da yayana Bitrus muna gaba muna tsula wa juna ganyen giginyar da aka raba mana, iyayenmu suna baya suna gaishe-gaishe. Rana ta buɗe irin buɗewar da take yi a Garwa da bazara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmin roba. Muna shawo kwanar layinmu a Rumde Ajiya sai muka ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu, maza zaune jugum, butoci jere a jikin bango. Bitrus ya tsaya cak, ya fizge ganyen hannuna ya haɗa da nasa ya cusa bayan wata danga. Baba Tanko, mai gidan da muke haya, yana zaune a tsakiya, ƙasar maƙabarta ba ta ko fita daga ƙafafunsa ba. Ɗansa Habu, wanda muka bari da safe yana nishi a ɗakin uwarsa, ya cika muna can muna waƙa, an yi masa sutura, an kai shi an dawo kafin a sallame mu. Maƙwabta Fulani suna ta zuwa suna durƙusawa suna cewa “Allah hokku munyal,” wato Allah ya ba da haƙuri, shi kuwa yana ɗaga musu kai kawai. Habu ne ɗansa na fari, kuma kwana biyu kacal ya yi a kwance.

Mu baƙi ne a gidan, baƙi kuma a garin. Babanmu Yakubu daga duwatsun bayan Mokolo ya sauko yana saurayi, ya koyi aikin gini, ya koyi karatu da Hausa a hannun wani mai bishara. Mama kuwa 'yar wani dutsen ce dabam, yarensu bai haɗu ba, don haka Hausar kasuwa ta zama harshen ɗakinmu. A titi Fulatanci, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci da bulala, a gida Hausa. A wancan zamani Garwa garin manya ne, garin da shugaban ƙasa ya fito, ɗan dutse Kirista kuwa a hankali yake taka ƙasa, ɗakin haya ma sai ya sha yawo kafin ya samu. Baba Tanko mahauci ne, Bahaushe, fatauci ya kawo kakanninsa garin. Shi ya ba mu ɗaki biyu a ƙuryar gidansa kusa da turken dabbobi, bai tambayi komai ba sai ko Babanmu yana shan giya. Ƙofa ɗaya ce ga gidan duka, ta zauren da yake salla a ciki yake kuma karɓar baƙi, ɗakunanmu asabari ne kawai a bakinsu. Kullum sai Babanmu ya ja mana kunne: “A gidan mutane muke, ku bi a sannu.” Bitrus yana ji. Ni Saratu kuwa, a shekara tara, Allah bai yi ni da bi a sannu ba, in ban fasa tulu yau ba to na yi dambe a bakin famfo.

Kowace shekara bayan Kirsimeti Babanmu yakan sayo ɗan rago mu yi kiwonsa har Paska. Ni da Bitrus ne masu wahalarsa. Kafin mu tafi lekol mu share turke, in mun dawo mu bi gidajen masu surfe neman dusa, ranar da babu karatu mu gangara bakin Binuwai yankan ciyawa, inda ruwa ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai. Bitrus yakan ɗauro tasa ya ɗauro tawa, ya aza mini ƙaramar, sannan ya yi ta tsokanata har gida wai ragon ya fi ni hankali. In Asabar ɗin jajibiri ta zo, ba Babanmu ke yanka ba. Baba Tanko ake roƙo ya yanka da wuƙarsa da bisimillarsa, don kowa a gidan da layin ya iya cin naman, kamar yadda su ma da Layya cinyarmu takan iso ɗaki tun kafin a gama fiɗa. Yana kuma da tsokanar da ba ta tsufa, tun azuminmu bai yi nisa ba zai fara: “Malam Yakubu, bana yaushe ne sallar taku mai yawo?” Babanmu ya sake yi masa bayanin bara, cewa idin ya samo asali ne daga idin Isra'ilawa, su kuwa da wata suke lissafi, shi ya sa ake jiran wata ya cika sannan a ɗauki Lahadin da ta biyo baya. Baba Tanko ya yi dariya ya ce ashe mu ma 'yan duban wata ne.

A wannan makon babu wanda ya yi tsokana. Sanƙarau ne ya shigo unguwa, yana bi layi layi. Da safe ka ga yaro yana gara taya, washegari a ce kansa na ciwo, jibi wuya ya sandare. Kowa da abin da yake zargi, wasu su ce ɗanyen mangwaro, wasu su ce kwanan ɗaki cikin zafi, tsofaffi su ce ba ya tafiya sai ruwan farko ya sauka. Sai kowa ya koma kallon gabas. Hadari yakan taso da la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta kwashi ledoji da ganyen darbejiya, sannan ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na da. An ba da hutun Paska, amma Mama ta hana mu fita sai ɗiban ruwa. Babu gaɗa, babu 'yar carafke da yaran maƙwabta, babu bakin kogi. Na zama kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya: in zauna, in tashi, in leƙa zaure, in dawo, in je in ja wa rago kunne ba laifin komai. Daga ɗakin Inna, matar Baba Tanko, kuka yakan tashi ya lafa ya sake tashi duk lokacin da sabbin masu gaisuwa suka shigo.

Babanmu dattijo ne a majami'armu, shi ke karatu ga masu jin Hausa, kuma a makon Paska yakan tara mu kan tabarma bayan tuwon yamma ya bi mana labarin daga tushe. Ranar Talata ya kai mu Masar. Ya faɗa mana yadda Isra'ilawa suka yi bauta a hannun Fir'auna suna buga tubali, yadda Musa ya yi ta zuwa yana cewa a sake su ana ƙi, har Allah ya ce za a yi annoba ta ƙarshe: mutuwa za ta ratsa ƙasar ta ɗauke kowane ɗan fari. Aka umarci kowane gida na Isra'ila ya yanka ɗan rago namiji marar aibi, a shafa jininsa a gefen ƙofa biyu da samanta. A gasa naman a ci da ganye mai ɗaci da gurasar da ba a jira ta kumbura ba, a ci da gaggawa, ɗamara a ɗaure, takalmi a ƙafa, sanda a hannu, don ba a san lokacin da za a ce a tashi ba. Da mutuwa ta zo, duk ƙofar da ta ga jini sai ta ƙetare ta wuce. Ya ce daga nan sunan ya fito, Idin Ƙetarewa, wanda muke kira Paska, kuma Isra'ilawa suka riƙa yin sa kowace shekara don kada su manta. Ya ci gaba da magana, amma ni na daina ji, don kaina ya riga ya kama lissafi. Habu ɗan fari ne. Yarinyar mai ƙosai ta bakin famfo da aka binne ranar Litinin 'yar fari ce. Waɗanda ba na fari ba kuwa na ture su gefe, ba su shiga lissafina ba. Na juya na dubi Bitrus, ɗan farin ɗakinmu, yana gyangyaɗi, ga ragonmu fari tas a turke yana tuƙa.

Na ce, “Baba, ai mu ma muna da rago. A yanka gobe mana a shafa.”

Ban taɓa ganin fuskarsa ta canza da sauri haka ba. Ya ce ragonmu nama ne na ci, ba hadaya ba ne, kada kuma ya ƙara jin wannan magana a bakina. Sai daga baya Mama ta gaya mini dalili, muna wanke-wanke. A gidan kakanmu a kan dutse akwai tukwanen kakanni, in ciwo ya shigo gida a yanka kaza ko akuya a zuba musu jini. Ranar da Babanmu ya ƙi riƙe ƙafar akuya, ranar aka fitar masa da kayansa waje, har tsohon ya mutu bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. Mutumin da ya rasa uba a kan jini, shi nake cewa ya shafa jini a ƙofa. Na ji tausayinsa, amma tausayin bai kai azahar ba. Ni dai abin da na gani shi ne ga magani a ɗaure a turke, ga ciwo a bakin ƙofa, manya kuma sun zauna suna addu'a.

Ranar Alhamis Babanmu ya kawo labarin Urushalima. Ya ce wannan idin ne Yesu ya hau birnin ya yi, a daren ya zauna cin jibin ƙetarewa da mabiyansa, ya gutsuttsura gurasa ya ba su, ya miƙa musu ƙoƙo, ya nuna musu cewa jikinsa da jininsa ne za su tsaya a madadin na ragon. Bitrus bai ci tuwo ba a ranar. Ya ce kansa kamar ana sara da gatari, hasken fitila ma ba ya so. Kafin gari ya waye ranar Juma'a jikinsa ya yi zafi rau, Mama ta ce ya sunkuyo ya taɓa ƙirjinsa da haɓa, ya kasa, ya yi ƙara. Baba Tanko da kansa ya fito da kurar da yake tura nama kasuwa, ya wanke ta da sabulu, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da Bitrus. Shi da Babanmu suka tura, Mama tana biye tana kare masa rana da zane. Na bi su da gudu har bakin titi, aka koro ni, wai ba a barin yara su shiga asibiti. Aka bar ni a hannun Inna, wadda ita ma ba ta san inda kanta yake ba.

Wata 'yar majami'armu ta zo ta ja ni zuwa sujadar Juma'a. Na zauna kan benci ina zufa, wani yana karanta yadda aka kama Yesu, aka yi masa bulala, aka gicciye shi tsakanin mutum biyu, rana ta yi duhu, ya cika da la'asar, aka sa shi a kabarin dutse aka gangara babban dutse a bakinsa. Mata suna ta sharar hawaye. Ni abu ɗaya na tsinta a cikin karatun duka, cewa shi ma ɗan farin uwarsa ne, kuma bai tsira ba. Da aka tashi ban jira kowa ba, na sheƙa gida. Babu labari. Na koma bakin titi na tsaya har inuwa ta miƙe, na dawo, na sake komawa. Da magariba Baba Tanko ya dawo shi kaɗai da kurarsa, ya ce an yi wa Bitrus allura, bai san wanda ke kansa ba, sai addu'a. Ya kuma kawo saƙon Babanmu: a yanka ragon da safe kamar kullum, a ɗebi kaɗan a yi wa masu jinya romo, sauran a dafa wa mutanen da za su zo addu'ar bakwai ɗin Habu, don ta faɗo a ranar.

Asabar da sassafe Baba Tanko ya haƙa ɗan rami a bayan turke. Ya kayar da ragon ya ɗaure masa ƙafafu, ya juya shi gabas, ya ɓoye wuƙar a bayansa yana shafa masa wuya. A da in an zo nan guduwa nake yi in toshe kunne, amma a ranar na tsaya, da gwangwanin tumatir a ƙarƙashin zanena. Ya yi bisimilla ya yanka, jini ya tsartu cikin ramin. Na miƙa gwangwanin. Ya dube ni ya ce, “Mene ne kuma wannan, Saratu?” Na zayyana masa komai a numfashi ɗaya, Fir'auna da 'ya'yan fari da ƙofa. Ya ce, “Babanki ya sani?” Na ce ya hana. Ya ce, “To ni ma na hana. Jini na ƙasa ne, binne shi ake yi.” Ya juya zai ɗauko fartanya. Kafin ya waiwayo na durƙusa na tsoma hannuwana biyu cikin ramin har wuyan hannu. Da ɗumi. Na kwasa da gudu ta tsakar gida, na tsallake tukwanen da mata suka jera, Inna tana salati a bayana, na ratsa zaure na fita waje. Na manna hannun dama a gefen dama, na hagu a gefen hagu. Sauran sama.

Saman ƙofar wata azara ce da ta fi ƙarfin tsawona nesa ba kusa ba. Na yi tsalle, ban kai ba. Na ja da baya na taho da gudu na yi tsalle, ban kai ba. Na jawo dutsen da ake zama a kai na hau, ya goce, na faɗi na kuje gwiwa. Ga rana ta fara ɗagawa, jinin yana bushewa a hannuna, yana tsattsagewa a tsakanin yatsu, ina gani ina kuka, kukan haushi, ina zagin gajartata. Sai inuwa ta rufe ni. Baba Tanko ne tsaye da fartanya a hannu. Ya dubi gefen nan, ya dubi wancan, shatin hannu biyu a ƙofar zauren da yake salla, a ranar da malamai za su shigo ta nan yi wa ɗansa addu'a. Na san duka zan sha, na san kuma wataƙila yau mu kwashe kayanmu. Na dunƙule na jira.

Ya ce, “Har saman ma sai an sa?”

Na ce, “Sai an sa, Baba. In ba a sa ba bai cika ba.”

Ya jingine fartanyar a bango, ya ce “Astagfirullah” a hankali, ya kama ni ta hammata ya ɗaga ni sama. Na goga tafina biyu a azarar da iyakar ƙarfina, abin da ya rage ya fito ja-ja, ba shi da yawa. Ya sauke ni ya ce, “Allah ya tashi kafaɗun yayanki. Je ki wanke hannu.” Ban taɓa ɗauka ya yarda da abin da na yi ba, har ya bar duniya yana cewa jini ƙazanta ne. Mutum ne da ya zauna yana kallon ɗansa yana tafiya ba shi da abin da zai yi da hannuwansa, sai ga yarinya tana tsalle a ƙofarsa. Da masu addu'a suka fara isowa wani dattijo ya nuna shatin da sandarsa yana tambaya, Baba Tanko ya ce masa, “Ɓarnar yara ce, Malam. Gidan mahauci ai ba a rasa jini.” Na yini a bakin ƙofar ina gadi, ina korar ƙudaje, duk wanda ya raɓi bango in harare shi.

Da la'asar Babanmu ya dawo ɗaukar romo. Idanunsa sun faɗa, rigarsa ta jiya ce a jikinsa. Ya tsaya a gaban ƙofar, bai tambayi wanda ya yi ba. Ya shiga ya durƙusa gaban Baba Tanko ya ba shi haƙuri, shi kuwa ya ce a bari, ruwan sama zai wanke. Babanmu ya ce a'a. Ya ɗebo ruwa a bokiti da tsumma ya fito. Na riƙe bokitin, na cije shi a hannu, na ce in Bitrus ya mutu shi ya kashe shi. Bai mare ni ba, ko da yake na cancanci a mare ni. Ya zaunar da ni kan dutsen nan ya tsuguna daidai fuskata, ya ce abin da aka yi a Masar hoto ne na abin da ke zuwa, ragon gaskiya an riga an yanka shi sau ɗaya ranar Juma'ar nan da muka tuna jiya, kuma babu jinin da za a ƙara a kan nasa. Na ce to ya yi mini alkawari Bitrus ba zai mutu ba. Ya ce ba zai iya ba. Ya ce, “Paska ba ta ce ba za mu mutu ba, Saratu. Cewa ta yi kabari ba ya riƙe mutum har abada.” Ya miƙe ya wanke dama, ya wanke hagu. Da ya ɗaga tsumman zuwa sama sai hannunsa ya tsaya, ruwa yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga. Na ga hawaye suna gangaro masa cikin gemu. Ya daɗe a haka, sannan ya goge, ya ɗauki kwanon romo ya koma asibiti.

Ranar Lahadi da asuba matan majami'armu suka biyo layi suna waƙa, kamar yadda suke yi kowace shekara don tunawa da matan da suka yi sammako zuwa kabarin Yesu da kayan ƙanshi, suka tarar an kawar da dutsen, kabari ba kowa, aka ce musu ya tashi. Suka tsaya su tafi da ni, na ƙi. Sabuwar rigar da aka ɗinka mini tana ɗaki ban ko dube ta ba. Na zauna a ƙofar da aka wanke ina kallon bakin layi, duk zanen da ya ɓullo gabana ya faɗi. Na tashi na je bakin titi na dawo ban san sau nawa ba. Inna ta kawo mini koko ya huce a gefena. Hantsi ya yi sosai sai ga Mama, tana sauri, ɗankwalinta a hannu, ƙafa ba takalmi. Ina ta neman karanta fuskarta daga nesa, rana kuma tana bayanta. Sai da ta iso ta faɗi a kaina tana cewa, “Ya buɗe ido! Ya ce a ba shi ruwa!” Inna, wadda ta binne nata ɗan Lahadin da ta wuce, ita ta fara rangaɗa guɗa, ta ƙare da kuka, suka rungume juna da Mama a tsakar gida.

Bayan kwanaki aka sallamo shi, ya rame ya zama kamar kara, yana tafiya yana dafa bango. A makon ne ruwan farko ya sauka, ciwon kuwa ya ɗauke daga unguwa kamar yadda tsofaffi suka faɗa. Mun ɗauka rashin maganarsa gajiya ce. Wata safiya na same shi zaune kan turmi yana kallon turken da babu rago, ya ba ni baya. Na lallaɓo na tsaya dab da ƙeyarsa na ƙwala masa kira da dukan muryata, “Yaya Bitrus!” don ya zabura in yi dariya. Kaji suka watse, Inna ta leƙo daga ɗaki. Shi bai motsa ba. Na sake kira, na buga murfin tukunya a bayansa, yana nan yana kallon turke. Da na zagayo gabansa ya yi mini murmushi ya ce, da wata murya mai ƙarfi da ba tasa ba, “Saratu, me ya sa gidan nan kowa ya yi shiru?” A asibiti aka ce ciwon yakan yi haka, kuma ba ya dawowa. A lissafina na lokacin jinina ne ya tsare ransa, wankewar kuma ta tafi da kunnuwansa. Baba Tanko ya ce kwanansa ne bai ƙare ba. Babanmu bai yi gardama da kowa ba, ya dai fara koya wa hannuwansa na magini yadda za su yi magana da ɗansa.

Yanzu na fi Babanmu na wancan lokaci shekaru, ni ce kuma nake ba jikokina labarin Masar da Urushalima a makon Paska, na kuwa fahimci abin da yake nufi da tsumman nan a hannunsa, ko da yake na daɗe kafin in fahimta. Yaran yanzu ana yi musu rigakafi, bazara ba ta ba su tsoron da ta ba mu, na gode Allah. Gidan Baba Tanko an sayar, an rushe zauren an yi shaguna. Kowa yana bayan ƙofarsa ta ƙarfe, naman idi a kasuwa ake sayowa cikin leda, ban san kuma maƙwabcin da zan aika wa kwano ba. Bitrus tela ne a garin Gidar, kansa fari fat, da 'ya'ya da jikoki. Kowace Paska nakan hau mota in je mu yi sujada tare, in zauna kusa da shi yana kallon bakunan masu waƙa, in sun kai wurin da ake cewa ya tashi sai in taɓa masa gwiwa, ya gyaɗa kai. Bai taɓa jin muryar matarsa ba, bai ji ta ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba, tawa kuwa ya ce har yau ta yarinyar nan mai tsiwa yake ji a kansa. Na yarda da abin da Babanmu ya koya mana, cewa akwai safiyar da za a tashi da jiki marar aibi. Ban roƙi abu mai yawa a ranar ba. In lallaɓo ta bayansa in kira sunansa, ya waiwayo.